Ƙulli biyu a bakin zane

Shekarun baya, tun unguwarmu ta Zangouettin tana tsaye ba a rushe mana ita ba, aka yi wa mahaifiyata aiki aka cire mata mama ɗaya, na hagu. Ciwo ya warke, Alhamdu lillahi, amma Inna ta ƙi fita. Matar da ta tsufa tana auna atamfa a kasuwa, ga ta wata biyar a ɗaki, ko zaure ba ta leƙawa. Cewa take ko ta yafa mayafi uku, ido zai gane gefe ɗaya ya faɗa.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Tunda na yi wayo sunana a bakinta "ke" ne, in tana ba wani labarina kuma "waccan". Ga ni tela, da shagona a unguwar Dapoya, ina ji da kaina. Na ce rigar mama ce matsala? Ni da nake kallon mace sau ɗaya in yanka mata riga?

Na ɗinka da ido, na cusa auduga a gefen hagu, na aika. Ta dawo. Na sake wata, ita ma ta dawo, da saƙo ta bakin ƙanwar Inna: "A faɗa wa waccan, ta fari ta hana ni numfashi, ta biyu kuma audugar ta hau wuyana."

Ranar na ji kunya, wallahi. Na gane sai an yi awo, kuma Inna ba za ta buɗe ƙirjinta gaban kowa ba, balle ni. Lambobin metir, igiyar awonmu ta teloli, ma ba ta karanta su, ita da kamun hannu ta saba.

Sai na yage bakin zane, dogo siriri, na je bayan la'asar na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na tura shi ta ƙarƙashin labule.

"Inna, ki zagaya shi ƙarƙashin mama, daidai kan haƙarƙari. Ki saki numfashi, kar ki matse. Inda ya haɗu ki ƙulla."

Can na ji motsin awarwaro.

"Na ƙulla."

"Sai daga tsakiyar ƙirji, ki bi ta kan mai lafiyar, har tsakiyar baya. Ni zan ninka."

"Ke, ni za ki koya wa awo?"

"A yi haƙuri, Inna."

Zanen ya fito da ƙulli biyu, da ɗuminsa. Ina riƙe da shi hawaye suka zubo mini, don rabon da in taɓa ɗumin jikinta tun ina goye.

Na auna ƙullin a kan metir, na ga duk ɗinkina na baya shirme ne. Na yi sabuwa da aljihu a hagu, da 'yar jaka ta gero mai cirewa, don nauyi ya riƙe ta. Na tura ta labulen. Ta gwada, ta ce, "Ƙaro gero rabin tafin hannu." Na ƙara. Ranar Asabar Inna ta koma rumfarta, tana tafe tana amsa barka, kanta a sama.

Har yau duk wadda ta zo shagona, ba na yarda da idona. Metir nake miƙa mata, in nuna mata yadda za ta auna kanta.

Bayan shekara Inna ta yi ƙiba, rigar ta matse. Na yago wani bakin zane, na durƙusa inda na saba. Sai labulen ya ɗaga.

"Ke," ta ce, tana kallon bango, "hannuna ba ya kai baya. Shigo ki auna."