Birkin Gwaggo Aikin Mutum Biyu Ne

Da kakar bana Yaya Haladu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Bai bar bene ba, bai bar garke ba. Ya bar mata da 'ya'ya uku da gona, sai wata tsohuwar a-kori-kura da kowa a ƙauyenmu, nan kusa da Sandamu, yake kira Gwaggo, saboda ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi mita.

Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, amma ranakun Asabar na rayuwata a ƙarƙashin Gwaggo na ƙarar da su. Ba wai na fi shi sanin mota ba ne. Shi Allah ya ba shi tumbi, ni kuwa ya yi ni kamar karan dawa, saboda haka shi ke sama, ni ke ƙasa.

Ban taɓa ganin wanda ya iya lallaɓa mota da hannu wofi kamarsa ba. Tanki ya huje, ya liƙe da sabulu. Ƙofar fasinja ta ƙi rufuwa, ya ɗaure ta da igiya, igiyar ta shekara goma tana aiki. Tayoyin nan faci ne a kan faci. Da sitata ta mutu bai sayi wata ba, sai ya koma ajiye motar a kan tudun bayan gida, da safe ya sake ta ta gangara har ta kama. A haka take kwaso damman gero daga gonaki, take kai buhunan gyaɗa da awaki kasuwar Zango da ta Babban Mutum, take kai mai naƙuda asibitin Daura.

Abu ɗaya ne bai yarda a yi masa dabara ba: birki. Direbobi da yawa in man birki ya ƙare sai su ɗura ruwan sabulu su kama hanya. Shi kuwa ko zai wuni da yunwa sai ya sayo na gwangwani. Yakan ce shi mutane yake ɗauka, kuma kowane da mai jiransa a gida.

Wanda bai taɓa yi ba bai san cewa cire iska daga birki aikin mutum biyu ba ne. Ɗaya yana kan kujerar direba, ya yi ta taka birki har ya yi tauri, sannan ya danne ya riƙe. Ɗayan yana kwance a ƙasa da sifana, ya kwance ɗan noti a bayan taya, iska da mai su fito, ya mayar ya ɗaure. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, sai a sake daga farko. Yaya ba ya cewa ya danne. Yakan miƙo hannu ta taga ya ƙwanƙwasa jikin ƙofa, ni kuma in na ɗaure in ce ya ɗaga. A tsakanin nan muka yi duk wata hira ta duniya, ba mai ganin fuskar wani. A nan ya gaya mini zai aurar da 'yarsa. A nan na gaya masa likita ya ce matata ba za ta tashi ba.

Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ni na tuƙa shi zuwa Daura, yana kwance a baya kan katifa. Da muka tsaya ƙofar asibiti, ana ƙoƙarin sauko da shi, ya dube ni ya ce, “Idi, birkin nan ya fara laushi. In mun koma mu duba.” Ni kaɗai na koma da Gwaggo.

Wajen rabon gado, babban ɗansa Sanusi, wanda ke aiki a Kano, ya so a sayar da ita. Ban ga laifinsa ba. Na roƙa a bar mini ita ina juyawa, abin da ya samu in kai wa uwarsu. Suka yarda bisa sharaɗi: duk kakar da Gwaggo ta kasa fita kwasar amfanin gona, a kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Mai ya yi tsadar da sai na tara kayan mutum uku kafin in kunna ta. Masu kayan gyara a Daura in na faɗi abin da nake nema sai su yi dariya, su ce ai kamfanin ma ya manta ya taɓa ƙera shi. Babura masu ƙafa uku sun kwashe ƙananan lodi. Samarin da suke tura mana ita duk sun tafi neman kuɗi, tsararrakinmu kuwa rabinsu na maƙabarta. Ina jin tsadar ba za ta dame shi ba, ya saba. Shirun tudun nan ne zai dame shi, yadda yake damuna.

Shekarun nan, in birki ya yi laushi nakan lallaɓa ta zuwa gareji a Daura. Bana kuwa ana gab da girbi ya tafi gaba ɗaya, ka taka har ƙasa ba komai. Ba ta zuwa gareji, ni kuma ba ni da halin ɗauko bakanike. Na sayo robar birki da mai, na canza da kaina. Saura cire iska. Na gwada da wani maƙwabci, waya ta yi ƙara ya ɗaga ƙafa. Daga nan ban sake neman kowa ba. Gaskiyar magana, kwanciya a wurin nan ina sauraron muryar wani daga kujerarsa ta fi ƙarfina. Gero ya bushe a gona, Sanusi ya bugo yana tambaya cikin ladabi ko motar ta fita.

Wata safiya ina zaune gindin taya da sifana a hannu, sai ga Yaya Hajara, matar marigayin, ta fito da mayafinta. Ta ce, “Malam Idi, ƙarfen kake gadi ko shi ke gadinka? Shiga ƙasa.”

Na ce ai ba ta taɓa taka mota ba. Ta ce shekara talatin tana daka a bayan dangar nan tana jin mu, ko kurma ce ya ci ta koya. Na sa mata buhu a baya don ƙafarta ta kai, na nuna mata birkin, na shige ƙasa.

Na ji tana takawa, sannu a hankali, har ya yi tauri. Ina jira ta yi magana. Sai na ji an ƙwanƙwasa jikin ƙofa.

Ban taɓa gaya mata maganar ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na kwanta ina kallon tsatsa, hawaye na gangarowa cikin kunnena. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da na ji muryarta: “Ka yi sauri, ƙafata ba irin tasa ba ce.”

Muka bi tayoyin duka. Kafin azahar birki ya tsaya, washegari Gwaggo ta gangara tudu ta kama, damman farko da na kwaso kuwa na gonarsa ne.

Ban san ko za ta ga wata kakar ba, ni ma ban san ko zan gani ba. Wata rana 'yan gwangwan za su zo, igiyar ƙofa da sabulun tanki ba za su hau sikeli ba. Abin da na sani ya saura na Yaya Haladu shi ne mutanen da ya ɗauka duk sun isa gida, sai kuma ƙarar hannunsa a jikin ƙofa. Shekara bakwai na ɗauka ni kaɗai nake jin ta. Ashe a bayan danga ma akwai mai saurare.