Taɓaryar uwata a hannun Baturiya

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, labarin taɓaryar uwata a ƙasar Faransa ba zai fita daga kaina ba.

A lokacin ina zaune wurin ɗana na fari a Vénissieux, can saman wani dogon bene. Jinyar ido ta kawo ni daga Damagaram, jinya ta ƙare, zama ya zarce. Cikin kayan da na taho da su har da taɓarya, ta icen ƙirya, wadda uwata ta fara daka da ita tun tana amarya. Hannunta ya ci tsakiyarta, nawa ya ƙara ci, har ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi. A gidanmu taɓarya daga uwa take zuwa ga 'ya. Ni kuwa Allah bai ba ni mace ba, maza ya ba ni, sai na yi ta ajiyarta a bayan ƙofa ban san wa nake jira ba.

Ɗan nan nawa ya daɗe yana dako a wani sito, har aka rufe wurin. Ana nan, ana nan, ya samu wani dattijon Bature a Bron mai sassaƙa mariƙin ƙananan bindigogi, wato wurin da hannu ke damƙa. Ba irin na kasuwa yake yi ba. Mutum zai zo ya matse wata laka, tafin hannunsa ya fito a jiki, sannan a sassaƙa masa nasa shi kaɗai, da ƙaho ko ƙashi ko icen da ake wahalar samu. Dattijon ya gaji, yana son barin shago. Ya ce ɗana zai bar wa, amma sai ya yi aiki guda da kansa daga farko har ƙarshe, mai aikin kuma ta karɓa. Mai aikin wata Baturiya ce a Paris, wadda ta sha mayar wa mutane da aikinsu, ta ce kuma tana son abin da ba a taɓa gani a hannun kowa ba. In ta ƙi, shago ya tafi hannun wani, ɗana ya koma neman dako da furfura a gemu.

Ya sa aka aiko masa da ƙahon bijimin Bororo daga gida. Ƙaho ya iso lafiya, zafin ɗaki na lokacin sanyi ya tsaga shi. Daga ranar na lura yaron nan in ya shigo sai idonsa ya faɗa bayan ƙofa. Kunya ta hana shi roƙo. Sai matarsa ce ta faɗa mini a kicin, wai taɓaryar yake so ya yanka ya sassaƙa mariƙin da ita.

Na ce a'a. Abin da ya ciyar da gida ba zai koma hannun mai kashe rai ba. Ɗana ya durƙusa gabana ya yi ta bayani, wai waɗannan mutane takarda suke harbi, gasa ce kamar ta masu kokawa.

“To, ka yanka,” na ce. “Amma ni zan kai mata. Sai na ga hannun da zai riƙe. In bai yi mini ba, da abina zan dawo.”

“Inna, Turawa ba su san wannan ba.”

“Ranar za su sani.”

Har Bron na bi shi. Da zarto ya shiga icen nan, jama'a, sai ƙamshi ya tashi, na daddawa da citta da barkono, kamar an buɗe ƙofar madafar uwata. Dattijon Bature ya yi ta atishawa yana dariya, ni kuwa ina share hawaye da gefen mayafi. Cikin icen ja ne kamar dabino. Ɗana ya yi kwanaki yana kankara, yana gogewa, yana gwadawa da lakar hannun matar. Da ya gama ya ɗora mini a tafi, wallahi kamar ƙwai na riƙe.

Na ƙulle shi a haɓar zane muka shiga jirgin ƙasa. Gudunsa ya sa na yi ta salati, gonaki na wucewa kamar ana yaye zane, amma zuciyata murna take kamar mai raka amarya. A Paris muka sauka wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwajin harbi. Aka ɗora mini abin toshe kunne a kan kallabi. Na leƙa da kaina, kuma gaskiyar yaron ce, takardu ne a rataye can nesa, kowace da baƙin ɗigo a tsakiya.

Sai ga matar. Na zata jibgegiya zan gani, ashe 'yar tsohuwa ce kamata, gashi fari fat, yatsu sun fara lanƙwashewa da sanyin ƙashi. Ta miƙo hannu a ba ta kaya, ni kuwa na kama hannun na juya shi, na duba ciki na duba baya. Ɗana gumi kawai yake. Na ce ya tambaye ta ko ta taɓa nuna wa mai rai bindiga. Ta ce ko tsuntsu. Na ce ya tambaye ta wane aiki hannun nan ya yi a duniya. Ya tsaya yana inda-inda, na ce ya faɗa yadda na faɗa, kada ya sa mini sukari.

Matar ta dube ni ta yi murmushi. Ta ce ungozoma ce, a asibiti ta tsufa tana karɓar haihuwa, har da 'ya'yan mutanenmu.

Nan take na kwance haɓar zane.

Aka ɗaura mariƙin a jikin bindigarta. Ta damƙa, ta saki, ta sake damƙa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta daɗe a tsaye kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sannan ta harba. Ta ƙara, ta ƙara. Ko da kunne a toshe, ƙarar a ƙirjina take sauka. Takardar ta biyo igiya ta iso gabanmu, hudojin duk sun taru cikin baƙin nan kamar an soka da allura. Ta yi wa ɗana magana a hankali, ba ta kuma saki mariƙin ba. Ya juyo gare ni.

“Inna, ta karɓa. Ta ce yau yatsunta ba su yi mata ciwo ba.”

Ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Turawan da ke harbi ko waiwayowa ba su yi ba, kunnuwansu a rufe suke, sai na ƙara wata wadda ta fi ta farko. Kafin damina ta zagayo makullin shagon yana aljihun ɗana, har yau kuma da shi yake ciyar da gidansa.

Abin da na koya shi ne, na yi shekaru ina ajiyar gado saboda 'yar da ba a rubuta mini ba, alhali ɗan da aka ba ni yana gabana yana jin kunyar roƙo. Tun daga ranar, in ina da abu, wanda ke tsaye a gabana nake fara dubawa.