Malam Datti, Wanda Ya Sa Aka Sallaci Mika'ilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, huɗu ga Zulhijja 1442, daidai da 14 ga Yuli 2021, Allah Ya karɓi ran Malam Datti a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan korona ta kwantar da shi. Labarin ya same ni a ɗakina na Jalan Semarak, kuma har yau zuciyata ba ta dawo daidai ba.

Malam Datti, ɗalibai sun san ka da ɗauko su daga filin jirgi da nema musu masauki, sau da yawa kai ne ma kake ciyar da su a makon farko. Ni kuwa a wuni ɗaya na san ko kai wane ne.

A ƙarshen Fabrairun bara ne. 'Ya'yan Gwaggona Hajjo sun biya mata yawon buɗe ido a jirgin ruwa, jirgin ya tsaya a Port Klang na wuni guda. Na roƙe ka ka zagaya da mu gari a motarka. Ashe ita ba kallon gine-gine ya kawo ta ba. Mahaifinta Mika'ilu ya tafi yaƙin Burma tana goye, bai dawo ba, ba gawa ba labari. A wurin mutanenmu kuwa duk gabashin duniya Burma ne. Da ta ji akwai wurin tunawa da sojojin yaƙin duniya a nan, sai ta ƙudurta cewa a nan zai kasance.

A wurin tunawar, wato Tugu Negara, ta sa na karanta mata sunayen da ke jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya. Duk na Turawa ne. Muna nan aka bugo daga jirgi cewa an sami mai zazzaɓi a ciki, za a tashi kafin lokaci, kowa ya dawo. Hankalina ya tashi, domin an fara raɗe-raɗin rufe iyakoki, ga tsohuwa mai hawan jini, fasfonta da magungunanta duk suna cikin jirgi. Ita kuwa ta kafe sai an kai ta maƙabartar sojoji ta Cheras. Na ce ba zai yiwu ba. Kai ka dube ni ka ce da Malayanci, "Boleh lah, zai yiwu mana, Malam. Shiga mota."

Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye ba. A maƙabartar muka bi layukan fararen duwatsun kaburbura, rana tana dukanmu, wayata tana ta ruri. Babu Mika'ilu. Sai da ta gama da idonta sannan ka durƙusa gabanta, ka gaya mata cikin ladabi cewa Burma wata ƙasa ce daban, mai nisa daga nan. Sai ta tambaye ka ko kana ganin an yi masa salla. Ka ce Allah kaɗai Ya sani, amma mutanen ƙasar nan sun saba sallatar mamacin da ba ya kusa.

Maimakon hanyar tashar jirgi, sai ka karya kan mota zuwa Masjid Jamek. An idar da La'asar ke nan. Ka yi wa liman bayani da Malayancinka na kasuwa, ya juya ya sanar, mutane suka miƙe suka yi sahu, ba wanda ya taɓa jin sunan Mika'ilu. Aka yi kabbara huɗu. Gwaggo tana can baya a sashen mata, ina jin sheshshekarta.

Irin gudun da ka yi zuwa Port Klang, ban so in sake ganinsa. Mun isa ana shirin janye matakala. Ta hau tana waiwayenka tana sa maka albarka.

Da na gaya mata rasuwarka ta waya, tambayarta ta farko ita ce wa ya raka ka. Na ce babu kowa cikinmu. Matarka Halimatu da 'yarku Hasna suna killace a gida, mu kuma dokar kulle ta hana mu fita, ma'aikatan lafiya ne suka sallace ka suka rufe ka. Sai ta ce, "Ka je ka nemo kabarin nan, ka kai yarinyar ta gani da idonta. Kada ta tsufa tana tambayar baƙi inda ubanta yake."

Na nemo shi, Malam Datti. Jiya aka ba mu izini, na kai su. Hasna ta dafa ƙasar, ta tambayi uwarta ko yanzu nan ne gidan Baba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Halimatu da Hasna, da 'yan'uwanka na gida da ba su sami ganinka ba, da dukan 'yan Najeriya mazauna Malesiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, Ya kyautata namu zuwan. Amin.