Naum da Faifan Yayarsa

Naum Gershkovic maƙwabcina ne a birnin Odesa tun ina da haƙora nawa na kaina. Bugun ƙarfe yake yi a tashar jiragen ruwa. Ba kyau, ba baki, amma yana da abin da duk unguwa ba mai shi: faifan garmaho ɗaya tak na yayarsa Tsilya.

Tsilya goge take kaɗawa, kuma manya sun ce yarinyar za ta yi nisa. Gidan rediyo ya ɗauki kiɗanta sau ɗaya, aka yanka mata faifai guda, sai yaƙi ya zo ya tafi da ita. Irin faifan nan ne mai laushi, duk juyin da allura ta yi a kansa sai ta ci wani abu. Naum ya ji haka, ya naɗe shi a tsumma ya tura ƙarƙashin gado.

Nakan ce masa, "Naum, sa mana mu ji mana. Ko tsami kake jira ya yi, kamar kabeji?"

"Ke dai Dora, bakinki ya fi allurar ci. Sai na yi ritaya, in zauna in ji shi da natsuwa."

Ya yi aure, bai sa ba. Matar ta mutu ba ta taɓa jin kiɗan dangin mijinta ba. Shi kuwa kullum yana can guduma na dukan ƙarfe a gefen kansa.

Ranar da ya ajiye aiki ya sa farar riga, ya dafa shayi, ya kira ni. Ya ɗora faifan a akwatin garmaho, allura ta sauka. Wallahi na zo ne da tsiyata a baki, sai na haɗiye ta. Yarinyar tana jan tsirkiya a hankali, ba ta gaggawar isa ko'ina, har numfashinta ana ji kafin ta hau sama.

Naum ya matso da kunne. Ya juya ɗayan. Ya ɗora tafinsa a jikin akwatin.

"Ya fara?" in ji shi.

Na ce, "Ya kusa ƙarewa, tsohon banza."

"Me kika ce?"

Faifan yana nan garau, kamar jiya aka yanka shi. Da Naum ya mutu ni ya bar wa, ni da ban haɗa komai da Tsilya ba. Kullum da safe nake sa shi, har allura ta soma cinye shi, sautin yana shaƙewa.