Muryar Yayana a Salula

Shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya yayana ya rasu a Kano, ban samu zuwa jana'iza ba. Daga baya ɗansa ya turo mini saƙon murya da marigayin ya bar mini, amma salulata ta ƙi buɗe shi.

Na hau babur daga Kwaya zuwa Magariya, wurin wani mai gyara a rumfarsa. Ya duba, ya ce sai an sabunta abin da ke karanta sauti a ciki. Nan zuciyata ta ƙi. Na tashi ina kwafar littattafan ajami, na san halin mai sabunta tsohuwar takarda: inda ya kasa ganewa, sai ya cike da nasa.

"Wato maganar mamaci za ka taɓa?" na ce masa gaban mutane. "Ku masu gyara, a kawo muku abu cikakke, ku mayar da rabi."

"Malam, ba zan sa wa takardarka alƙalami ba. Mai karatun ne bai iya wannan rubutun ba, shi zan ƙara wa karatu."

Ban yarda ba. Na tsaya a kansa ina bin yatsunsa da ido har ya gama. Ya buɗe saƙon, sai ga yayana, da ɗan tarin nan nasa kafin sallama, yana ba ni amanar gonarsa.

Ban bar rumfar ba sai da na ɗaga murya na nemi gafarar mai gyaran.

"Na yafe, Malam," ya ce. "Allah ya jiƙansa."