Hoton Babana Da Na Tura Wa Baƙo

Ina ɗan shekara goma sha shida a lokacin, ina babbar sakandare a Talata Mafara, kuma ba abin da nake so kamar a ɗauke ni wani ne. Mahaifina mahauci ne da ya koma fataucin shanu. Kowace Litinin yakan shiga ƙauyukan Maradun, musamman Damaga, ya sayo dabbobi wurin Fulani, ya kai kara, kasuwar dabbobi, ranar Talata. Ba mai kuɗi ba ne, yawancin shanun ma amana ake ba shi ya sayar, amma wanda ya gan shi tsaye cikin garke zai rantse duk nasa ne. Shekarar da yayata da ke aure a Bakura ta sauya waya, sai ta ba ni tsohuwar. Kafin mako ya zagayo na buɗe shafi a dandalin sada zumunta, na shiga ɗora hotunan shanun mutane ina rubuta cewa namu ne.

A nan na haɗu da wani da ya ce ɗalibi ne a Sakkwato, kuma kiwo ne burinsa. Kullum shi ne farkon yaba hotunana. Ɗan Alhaji yake kirana, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. In na ce datata ta kusa ƙarewa, kafin in ajiye waya ya turo mini kati. Wata biyu muna hira bai tambaye ni komai ba sai lafiyar dabbobi da farashin raguna. Daga baya tambayoyin suka fara sauyawa, ɗaya yau, ɗaya jibi, cikin raha. Wace rana Baba ke shiga ƙauye? A mota ko a babur? Shi kaɗai? Duk na ba shi amsa, har da ƙarin gishiri don in burge shi. Rannan ya ce yana so ya ga fuskar Alhaji, domin in ya zo kara ya gane shi ya kwashi gaisuwa. Na ɗauki Baba hoto bai sani ba, yana tsaye a ƙofar gidanmu da jar hularsa, dafe da wani farin bijimi. Ban ɗora shi a shafi ba, shi kaɗai na tura wa.

Wata Lahadi da hantsi aminin Baba ya yi sallama, wani dattijon Bafulatani daga Damaga da muke kira Baffa. Ba ya zuwa sai ranar kasuwa, shi ya sa Baba ya fito da sauri. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na tafi ɗebo ruwa. Sun daɗe suna gaisuwa, iyali, bisashe, ruwa, gajiyar hanya, kafin Baffa ya sassauta murya. Ya ce jiya wasu samari biyu a kan babur sun same shi a mashaya, suka nuna masa hoto a waya, suna tambaya ko a rugarsa mai jar hular nan ke sauka ranar Litinin, wai suna da shanun da za su sayar masa. Ya ce ba mai saniya a yankin da bai sani ba, waɗannan kuwa bai taɓa ganinsu ba. Baba ya tambayi wane irin hoto. Baffa ya ce a ƙofar gidan nan ne, da farin bijimi.

Ina tsaye da kwanon ruwa, na gane hoton da na tura ne. Baba ya yi ɗan murmushi, ya ce ƙila masu sayarwar ne da gaske, kuma ya riga ya yi wa mutane alkawari, gobe in Allah ya so zai shigo. Na ajiye kwanon na faɗa ɗaki, na duba wayata. Saƙon abokin nan na tarar, yana tambaya ko Alhaji na nan kan tafiyarsa ta gobe. Allah ya sani na yi tunanin in goge komai in yi shiru. Na fi minti goma zaune a bakin katifa. Sannan na fito na durƙusa gabansu.

"Baba, ni na ba su hoton ga," na ce.

Bai yi tsawa ba. Ya ce in buɗe hirar tun daga farko in karanta musu da bakina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na karanta ƙaryar da na yi cewa garken namu ne, na karanta inda na faɗi rana da hanya da lokacin fita, Baffa na sauraro kansa a ƙasa. Da na gama, Baba ya yunƙura. Baffa ya dafa gwiwarsa ya ce, "Alhaji, kar ka taɓa shi. Da yaron ga ya yi shiru, da gobe wani zance mukai."

A ranar Baba ya kai wayar wurin mai unguwa, suka wuce wurin jami'an tsaro. Aka ce kada in sake ba mutumin amsa. Bayan kwana biyu shafinsa ya ɓace, har yau ban san ko wane ne ba. Wata uku Baba bai taka hanyar Damaga ba, kasuwar Babbar Sallah ta wuce shi yana zaune a gida. A gidan mahauci muka yi ta cin miya ba nama, kuma bai taɓa goranta mini ba. Yayata ta zo daga Bakura muka zauna, muka goge hotuna, muka rufe shafin daga idon baƙi. Da muka bi sunayen abokaina ɗaya bayan ɗaya, cikin ɗaruruwa waɗanda na sani ido da ido ba su kai arba'in ba. Na zaci Baba ya raba ni da waya ke nan, amma da kansa ya miƙo mini, ya ce in koyi riƙe ta.

Yau ni ke tallata masa raguna ta wannan hanyar, kuma Alhamdulillahi ana ciniki. Dabbar kaɗai nake ɗauka, jikin bango, ba fuskar kowa, ba ƙofar gida, ba zancen ranar tafiya.

Ƙannena matasa, wanda ba ku taɓa gani ba baƙo ne, ko da kun shekara kuna hira. In ya fara ba ku kyauta yana tambayar shige da ficen gidanku, ku tsaya nan, ku nuna wa babba. In kuma kun riga kun yi kuskuren, ku daure ku faɗa tun da sauran lokaci. Kunyar da na ji a zauren nan ta yini ɗaya ce. Babana kuwa yana nan da ransa, ɗazu ma tare muka dawo daga kara.