Satar Gida

'Yarmu ce ta kawo labarin yayanta, tun daga bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Umma, yau alƙali ya kama Yaya da satar gida. A gaban kowa da kowa."

Matata tana yankan alayyahu a tsakar gida. Na ga wuƙar ta tsaya cak.

A lokacin muna zaune a Malali, ɗanmu na fari kuma yana buga wa ƙungiyar yaran unguwa ƙwallo. Ni na saya masa takalmin ƙwallon a gwanjo, ni nake raka shi fili idan na taso aiki da wuri. Uwarsa kuwa ba da son ranta ba. A ganinta ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce, kuma ta kafa mana sharaɗi tun ranar farko: duk ranar da ƙwallo ta koya masa mugun hali, shi da ƙwallo sun rabu har abada. Matata ba ta magana biyu.

Na san abin da yarinyar take nufi sarai. Satar gida a ƙwallo ita ce ɗan wasa ya wuce duk masu tsaron bayan abokan hamayya ya laɓe kusa da ragarsu tun kafin a turo masa ƙwallo. Laifi ne na busa usur, shi ke nan. Da na faɗi haka nan take, da an wuce wurin. To amma bakina ba ya ganin dama irin wannan ya bar ta. Na ɓata fuska na ce da yarinyar, "Gidan su wa?"

"Gidan 'yan Mando."

"Har Mando?" in ji uwar, a hankali.

"Kuma koci ya ce halinsa ne, kullum sai ya yi."

Matata ta yi salati ta ajiye wuƙar. Ni kuwa dariyar da nake dannewa ta ƙwace mini, har da tari. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Na ɗauko kofuna da murfin tukunya na jera a kan tabarma, wannan mai tsaron baya, wannan ɗanki, wannan ƙwallo. Ko kallon kofunan ba ta yi ba.

"Baban yara, kada ka mayar da ni wata sakara. Akwai alƙali, akwai gida, akwai kamawa, sannan ka ce mini wasa? Dama kai kake rufa masa asiri."

Ana haka sai ga yaron ya shigo, takalman rataye a wuya. Da yake ɗan fari ne, uwarsa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma cika kallonsa ido cikin ido ba, irin kunyar nan ta iyayenmu da ta gado. Bango ta kalla ta ce, "Kai, an kama ka ko ba a kama ka ba?"

"An kama ni, Umma, amma ai..."

"Kawo takalman."

Ranar bai ci tuwo ba. Ni ma, gaskiya, tuwon bai yi mini daɗi ba, don na ga yadda yaron ya zauna a bakin rijiya yana kallon ƙafafunsa. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, duk a banza. Sai ana gobe Asabar ta ce za ta je filin da kanta ta ga wannan alƙali da yake kama 'ya'yan mutane. Za ta ba yaron takalman ya buga na ƙarshe, ta gani da idonta, daga nan ta karɓi abinta.

Ta yi shiri kamar mai zuwa kotu, da babban mayafinta na unguwa. Muka hau keken haya zuwa filin wata makarantar firamare ta wajen Rafin Guza. Da na nuna mata alƙalin, wani siririn saurayi da gajeren wando da usur a baki, sai ta ce, "Wannan? Ko riga mai hannu ba shi da ita."

Wata mata ta matsa mana a benci, malamar makaranta ce 'yar kudancin Kaduna, ɗanta ne yake tsare wa ƙungiyarmu raga. Ba ta fashin zuwa fili. Suka gaisa, ba a jima ba aka ɗaga wa ɗanmu tuta, usur ya tashi. Malamar ta ce, "Kin gani, Maman yara? Ya riga ƙwallo isa, ya bar kowa a baya. Ita ce satar." Bayanin da na yi da kofuna aka ce ƙarya nake, ga shi an karɓa daga bakin mace cikin numfashi ɗaya.

Na gyara zama ina jiran a ba ni haƙuri. Ina! Matata ta zuba wa filin ido, ta ga sauran yara suna ta haƙilo a tsakiya, gumi sharkaf, ɗanta kuwa yana can gaba shi kaɗai, hannu a ƙugu, yana jiran a kawo masa.

"Ashe dai satar ce," ta ce. "Wasu na wahala, shi ya je ya tsaya a gindin tukunya. Wanda ya sa wa abin nan suna ya san abin da yake yi."

Sai ta miƙe. Matar da maƙwabta ba su san muryarta ba ta taka har bakin layi. Tunda ba za ta kira sunansa ba, sai ta ce, "Kai wannan yaron, koma baya." Rabin filin ya waiwayo, har da mai tsaron ragar 'yan ɗaya ɓangaren. Amma mai abin ya gane muryar. Ya dawo baya da gudu kamar an aike shi kanti. Duk lokacin da ƙafarsa ta fara zarcewa, sai ka ji, "Wannan yaron." Abin da koci ya gaji da faɗa, ga shi ya shiga kunne. Mai tuta ya samu hutu, har yana fifita da ita.

Can kusa da tashi aka turo wata ƙwallo ta tsakiya. Yaron ya saci kallon uwarsa, ya daure ya jira, sai da ƙwallon ta bar ƙafar mai bugowa sannan ya fyalla. Ba tuta, ba usur. Ya zura ta a raga. Ni na manta da shekaruna ina tsalle, malamar tana jijjiga kafaɗar matata tana cewa, "Ɗanki ne, ɗanki ne." Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Oho, ni ban lura ba." Ƙarya take yi. Ina ganin idanunta.

Da aka tashi, yaron ya zo yana haki, yana murmushi. Uwarsa ta miƙa hannu, tana kallon wani wajen.

"Kawo takalman."

Murmushin ya ɗauke. Ya durƙusa ya kwance igiyoyin a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu. Ni kuwa tausayinsa ya cika ni. Ta juya takalman, ta dubi jar lakar da ta daskare a ƙarƙashinsu, ta yi tsaki.

"Ji ƙazanta. Da wannan za ka fito Asabar mai zuwa, a ce ba ka da uwa?" Ta zura su cikin jakarta, kan kayanta masu tsabta. "Ni zan wanke."